Ɗana, Kada Ka Zargi Wanda Ya Zauna

Ɗana, ba ni aron hankalinka kaɗan, ka ajiye wayar nan tukuna. Maganar mutanen Sudan nake so mu yi. Na san kana bibiyar labarinsu, na kuma san abin yana damunka, don zuciyarka mai kyau ce. Sai dai akwai wata magana da nake yawan ji a bakin samari irinku. In an ce masu bindiga sun kama gari kaza, sai ku ce, to me ya zaunar da mutanen? Wani ma ya ƙara da cewa duk wanda ya zauna da su ai nasu ne. Ba da mugun nufi kuke faɗa ba, na sani. Ƙuruciya ce, da kuma nisa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari mu ɗauki gari ɗaya, Wad Madani. Shi ne babban birnin jihar Jazira, kudu da Khartum, a bakin reshen Kogin Nilu da ke gangarowa daga Habasha. Ba baƙon wuri ba ne a wurinmu. Tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, kakanninmu kan yada zango a yankin, su yi ƙodago su tara guzuri, sannan su wuce. Wasu ba su wuce ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas. Suka kafa gari kusa da Sinnar, har yau Mai Wurno ake ce masa. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, Hausawa na cikin waɗanda suka zuba guminsu a ciki. Saboda haka in ana kuka a can, akwai masu yin sa da harshenmu.

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Sojan ƙasa na bayan Janar Abdul Fattah al-Burhan, dakarun RSF na bayan Muhammad Hamdan Dagalo, wanda ake ce wa Hamidti. Su biyun nan tare suka yi juyin mulki a Oktoban 2021. Mutanen Khartum suka kwararo kudu, kusan rabin miliyan suka fake a jihar Jazira. Madani ta karɓe su. Makarantu suka zama masauki, gidan da ya saba da iyali ɗaya ya ɗauki uku. Wata takwas ana haka. A tsakiyar Disamba RSF ta nufo garin, aka yi 'yan kwanaki ana ɓarin wuta a wajen gadar Hantub, sai soja suka janye. Zuwa 19 ga wata gari ya shiga hannu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum kusan 300,000 ne suka fice cikin kwanakin nan. Da yawansu a ƙafa suka fita, da yawansu kuma gudu na biyu ke nan.

To su wa suka rage? Tsohuwar da ba ta iya taka ƙafa, da 'yarta da ta ce ba inda za ta ba tare da ita ba. Mai jego. Mai jinya. Magidancin da kuɗin mota ya ninka a rana ɗaya, ya ƙirga 'ya'yansa ya ga aljihunsa ba zai kai ba. Wanda ya riga ya gudo daga Khartum, 'yan kuɗinsa suka ƙare a haya, ya ce daga nan kuma sai ina? Akwai kuma dattijon da dangi suka bari ya tsare gida, don kowa ya san gidan da ba kowa ciki ba ya kwana da ƙofarsa. Gudu ma sai da guzuri, ɗana. Wanda ya fita bai fi wanda ya zauna tsarkin zuciya ba, hali ya samu.

Garin da aka kama ba kullum ake harbi a cikinsa ba. Wannan ne na nesa ba ya ganewa. Asuba tana yi, yaro yana kukan yunwa, randa tana neman ruwa. In wuta ta ɗauke famfo ma ya tsaya, don injin da ke turo ruwa da ita yake aiki. Sai a nemi rijiya, ko kogi, ko mai amalanken jaki. Tsakanin gidanka da ruwan nan kuwa akwai shinge. Mota ce a-kori-kura da bindiga a bayanta, da samari zaune a inuwa, wasunsu ba su kai ka shekaru ba. Za a tambaye ka daga ina, zuwa ina, me kake yi kafin yaƙi, kai wace ƙabila ce. Za a karɓi wayarka a duba hotuna da saƙonni. Hoton ɗan'uwanka sanye da kaki ya isa ya kwanar da kai a ɗaure, ko abin da ya fi haka. Shi ya sa mutane suka koyi fita da ƙaramar waya, ko su fita hannu rabbana. Samari kuwa a gida ake riƙe su in da hali, don saurayi in ba a zarge shi da zama ɗan leƙen asirin soja ba, to a ce ya zo ya ɗauki bindiga.

A shingen nan mai furfura yakan sunkuyar da kai a gaban sa'an jikansa, ya amsa masa da tattausan lafazi. Kai da jininka ke tafasa za ka ce wulaƙanci ne. Wulaƙanci ne, ba shakka, kuma shi ma ya san haka, yana jin sa har cikin ƙashinsa. Amma mutum goma ke jiran ruwan nan a gida. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In ya tsaya nuna zuciya aka harbe shi a bakin titi, wa zai ɗauko jarkar gobe? Wa zai kai matarsa wajen ungozoma? Ka ji tausayinsa, ka kuma girmama shi, don haƙurin da ya haɗiye shi ya raya gidan.

Da dare kuma kunne yana kan ƙofa. Motoci aka fara kwashewa, sai zinaren mata, sai kuɗi da wayoyi. Daga baya aka koma kan firji, da katifa, da injin ban-ruwa, da taraktocin manoma, har iri da taki. Garin ya faɗi ne ana tsakiyar girbin dawa, alkama kuma tana ƙarama a gona, a jihar da ke ciyar da babban ɓangaren ƙasar. Rumbun Hukumar Abinci ta Duniya da ke jihar ma bai tsira ba. A Disambar nan aka wawashe shi, abincin da hukumar ta ce zai riƙe mutum kusan miliyan ɗaya da rabi na wata guda. Kayan gidajen mutane kuwa ba ɓacewa suke yi ba, kasuwa suke fitowa. A garuruwa da dama an samu kasuwannin da jama'a suka laƙaba wa sunan Dagalo, inda ake sayar da abin da aka kwaso a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

A nan nake so ka natsu, ka saurari goggonka da kyau. Mace mai shayi da ta zuba wa ɗan bindiga kofi don ba ta isa ta hana ba, daban take da mutumin da ya taka da ƙafarsa ya sayi firjin maƙwabcinsa don ya same shi da sauƙi. Mai gidan burodin da ya ci gaba da gashi, masu bindiga suka ci, marayu ma suka ci, ban ga laifinsa ba. Likitan da aka kawo wa mai rauni ya ɗinke, aikinsa ya yi. A Maris ɗin 2024 RSF ta naɗa abin da ta kira hukumar farar hula a jihar. Ma'aikacin ruwan da ya koma bakin injinsa a ƙarƙashinta don unguwa ta sha, shi ma sai a duba niyyarsa kafin a ɗaure masa fuska. Amma mai sayen kayan ganima shi ke sa a fasa gida na gaba, don ɓarawo ba ya wahalar ɗaukar abin da ba shi da mai saye. Kuma masu kaya suna dawowa. Ranar nan maƙwabciyarka za ta shigo yi maka sannu, ta ga dardumar mahaifiyarta a ɗakinka. Wataƙila ba za ta ce komai ba. Amma 'ya'yanta za su taso da labarin, naka kuma su gaji kunyar. Araha ba ta ado. Allah ya kiyaye, in ka taɓa samun kanka a irin wannan hali, gara ka kwana a ƙasa da ka kwanta a katifar da aka ƙwace.

A lokacin nan bankuna a rufe suke, an ma fasa da yawansu. Abin da ya riƙe gidaje shi ne kuɗin da 'yan'uwa ke turowa daga Saudiyya da Masar da sauran ƙasashe, ta manhajar Bankak ta Bankin Khartum. Sai a Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk ƙasar. A wasu wuraren sun dawo, a Jazira aka daɗe ana jira. Ka ɗauki uwar da ɗanta ke Jidda. Kuɗi na hannunsa, yunwa na gidanta, ba hanyar da za su haɗu. Mafitar da ta rage ita ce na'urar Starlink, mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam. A yankunan da RSF ke riƙe da su, na'urorin galibi a hannunsu suke, ko a hannun wanda suka yarje wa. Ta biya kuɗin awa guda, ta zauna a gabansu, ta gaya wa ɗanta tana raye. Mai mayar mata da kuɗin waya zuwa takarda shi ma ya yanki nasa kaso. Za ka ce ta haɗa kai da azzalumi? Haba ɗana. A Disambar 2024 kuma gwamnati ta sauya takardun fam 500 da 1,000, aka yi canjin a jihohin da soja ke riƙe da su. Na ƙarƙashin RSF suka wayi gari da kuɗin da ba ya karɓuwa a ɗaya ɓangaren ƙasarsu. Ba su suka zaɓi wanda zai kama garinsu ba, amma su suka ɗauki asarar.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke sanyaya min zuciya. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A unguwannin Khartum da Umdurman da Bahri da garuruwan Jazira, samari da 'yan mata suka ɗora tukwane don jama'a. Takiya suke ce mata, al'ada ce da aka gada daga zawiyoyin shehunan ɗariƙa, inda ba a tambayar mai yunwa daga ina yake. Da yawan masu aikin yaran kwamitocin unguwa ne, waɗanda suka yi zanga-zangar da ta kawo ƙarshen mulkin Umar al-Bashir a 2019. Da yaƙi ya zo suka kafa ɗakunan agajin gaggawa. Wani ya kawo itace, wata ta kawo tukunyar biki, na ƙasar waje ya turo abin da ya samu. A dafa adas, wani ɗan ƙaramin wake nasu, ko shinkafa, kowane gida ya aiko yaro da roba. Sau ɗaya a rana, kuma a gidaje da yawa shi ke nan abincin. Gayya ce irin tamu, sai dai wannan ta ceton rai ce.

Kada ka ɗauka aikin ba haɗari. Kafin ka ɗora tukunya a unguwar da masu bindiga ke riƙe da ita, dole ka yi magana da su, don ta shingensu buhun zai wuce. Su suna zarginka da kai wa soja rahoto. Soja kuma in sun ji kana magana da su, su ce kai nasu ne. An kama da yawa daga cikin yaran nan, an kashe wasu, kuma kowane ɓangare yana da hannu a takura musu. Duk da haka washegari wani yakan hura wutar. Da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025, ɗaruruwan tukwanen nan suka tsaya, don wani kaso na kuɗin daga can yake zuwa. Waɗanda suka ci gaba, gudummawar 'yan'uwa ce ta riƙe su. In kana neman jarumai a yaƙin nan, ni a wurina ga su nan, masu riƙe da ludayi. Kuma ka lura, dukkansu cikin waɗanda suka zauna suke.

Akwai abin da bakina ke nauyin faɗa, amma dole ne. An ci zarafin mata da yawa a garuruwan nan, manya da ƙanana. Masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya sun tabbatar da haka, sun kuma ɗora mafi yawan laifin a kan RSF. Wata rana za ka iya haɗuwa da wadda abin ya faɗa wa, ko ɗan da aka haifa ta wannan hanya. Kunyar ba tata ba ce, ta wanda ya aikata ce. Kada bakinka ya zama na biyu da zai cuce ta. Ka rufa mata asiri yadda za ka so a rufa wa ƙanwarka.

Ciwo kuwa ba ya jiran a gama yaƙi. Madani gari ne na asibitoci, har da cibiyar masu ciwon daji da ake zuwa daga nesa. Da gari ya faɗi likitoci suka watse, magani ya yanke. Mai ciwon suga ya rasa allura, mai wankin ƙoda ya rasa inji. Ba a sa su a lissafin waɗanda harsashi ya kashe, amma yaƙin ne ya ci su. Kwalara ta biyo baya a daminar 2024. A Khartum zuwa maƙabarta ya gagara, aka riƙa binne mamata a tsakar gida da filin makaranta da gefen titi. Maƙwabta biyu ko uku su yi wanka, su yi salla da sauri, su rufe. Ko a wannan hali ba su yar da gawa ba. Yara kuma aka daɗe ba aji, yaron da ba ya komai kuwa shingen nan ne ke ba shi sha'awa, da motar, da bindigar, da kuɗin da ba a sha wahalarsu ba.

Sai maganar harshe, ita ce ta fi ba ni tsoro. A garin da aka kama, kalma ɗaya tana kashe mutum. Gidan wane akwai mota a ɓoye. Ɗan wance soja ne. Wani tsoro ke sa shi faɗa, wani duka. Waɗannan Allah ya san halinsu. Wani kuwa tsohuwar gaba ce, ta iyakar gona ko bashi ko neman aure, ya ga dama ta samu. Yana ganin masu bindigar nan sun zo ke nan, ba tafiya. Baki shi ke yanka wuya, wani lokaci wuyan mai bakin.

Dubi yadda abin ya juya. Ranar 5 ga Yunin 2024 dakarun RSF sun kashe fiye da mutum 100 a ƙauyen Wad an-Nura a rana ɗaya. Kwamandan RSF a Jazira a lokacin, Abu Aƙila Kaikal, ɗan yankin ne. A Oktoba ya sauya sheƙa ya koma wajen soja, aka karɓe shi hannu bibbiyu. RSF ta huce a kan garuruwan gabashi da arewacin Jazira, irin su Tambul da Sariha da Hilaliya. Aka kashe mutane da yawa, dubbai suka tsere. Talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ya biya.

Ranar 11 ga Janairun 2025 soja suka dawo Madani. An yi murna ta gaske, an yi guɗa, kuma mutanen sun cancanci murnarsu bayan shekara guda da 'yan makonni cikin ƙunci. Amma ba a gama murna ba aka fara nuna yatsa. Wane ya yi aiki da su. Wance tana dafa musu. Aka ga hotunan mutanen da aka kashe ba shari'a ba shaida. Abin ya fi faɗa wa mutanen kanabi, wato mazauna unguwannin leburorin gona da ke gefen ƙauyuka, waɗanda asalin da yawansu daga Darfur ne da Sudan ta Kudu da ƙasashenmu na yamma. A ƙauyen Tayba, tun ranar 10 ga watan, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 26, ta kuma ɗora laifin a kan mayaƙan Kaikal ɗin nan. Rundunar soja ta ce laifin ɗaiɗaikun mutane ne, aka kafa kwamitin bincike. Labarin kashe 'yan Sudan ta Kudu a Madani ya isa Juba, babban birnin ƙasarsu, can ma aka far wa shagunan 'yan Sudan da ba su san komai ba. Hausawan Sudan kuwa sun riga sun ɗanɗana ɗacin a kira ka baƙo a ƙasar da aka binne kakanninka, tun rikicin yankin Damazin na 2022.

Ban ce kowa mai gaskiya ne ba. Akwai waɗanda suka nuna gidaje, suka yi arziki da hawayen maƙwabta. Waɗannan a kai su gaban alƙali, a kawo shaida, a yanke musu abin da ya dace. Wanda aka kashe wa uba yana da haƙƙi, ba mai ce masa ya manta. Amma zato ba shaida ba ne, launin fata ma haka, zama a gari kuma ba laifi ba ne. Wanda ya gudu ya dawo ya tarar da gidansa kango, zuciyarsa tana neman wanda za ta kama. Ɗan bindigar ya riga ya tafi. Na kusa shi ne maƙwabcin da ya zauna, wataƙila ma shi ya binne masa mahaifi. In aka bar zuciya ta yi hukunci a ranar, jikoki ne za su gaji gabar. Alhali gobe kasuwa ɗaya za a ci, sahu ɗaya za a tsaya, magudana ɗaya ce za ta shayar da gonakin duka biyun.

Kai kana nan cikin lafiya, Allah ya ƙara mana ita. Amma mu ma muna da garuruwan da suka kwana a hannun masu bindiga. Mutanen Gwoza da Bama da Mubi sun gani a 2014. Matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram, da yawansu sun tarar da ƙyama a inda suka zaci za a rungume su. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shi ya sa ba na son in ji kana wasa da maganar yaƙi, ko kana tura hoton gawa da sunan wata ƙabila a ƙarƙashinsa, alhali ba ka san wanda ya ɗauka ba, ba ka san nufinsa ba.

Masifar ba ta tsaya a Madani ba. Soja sun karɓe Khartum a Maris ɗin 2025. RSF kuma ta kama Al-Fashir da ke Darfur a ƙarshen Oktoba, bayan ta tsare garin kusan shekara ɗaya da rabi, har mutane suka koma cin tunkuzar gyaɗa da ake ba dabbobi. In Allah ya hore maka, ka nemi amintaccen hannu ka aika wa tukwanen nan, ko kuɗin mudu ɗaya ne. In kuma ka haɗu da wanda ya fito daga can, a makaranta ko a kasuwa ko a Makka, kada ka fara da tambayarsa ɓangaren da yake. Ka ba shi wurin zama, ka ba shi ruwa, ka tambaye shi mutanen gida. Abin da ya ga dama ya faɗa, ka saurara. Abin da ya yi shiru a kai, ka bar masa. Allah ya yi maka albarka, ya kawo musu sauƙi.